Ba A Kintsa Gida Sau Ɗaya A Huta: Martani Ga Marie Kondo

Marie Kondo ba ta san da zamanmu ba, kuma ba na tsammanin wannan rubutu zai taɓa kaiwa gabanta. Amma koyarwarta ta riga ta iso mana. Ta shigo ta wayoyin hannu da bakin masu koya wa amare zaman gida, har ta kai yanzu sai ka ji yarinyar da ba ta rufa shekara a ɗakin miji ba tana cewa duk matsalar gidajenmu tarin kaya ce, a kwashe a zubar kowa ya huta. Tunda maganar ta zo har tsakar gidanmu, ya halatta a amsa ta da harshen waɗanda ake so su bi ta.

Ga wanda bai san ta ba, Uwargida Kondo 'yar ƙasar Japan ce, sana'arta shiga gidajen mutane tana koya musu kintsa kayansu. Littafin da ya fito da sunanta ya fita a Japan a 2011, aka fassara shi zuwa Turanci a 2014, aka sayar da miliyoyi. A 2015 mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya, a farkon 2019 kuma Netflix ya fara nuna shirinta, inda take shiga gidajen Amurkawa tana sa su tara tufafinsu tsibi guda. Tsarin nata, wanda ta raɗa wa suna KonMari, ba shi da wuyar ganewa. A ganinta, mai gyaran gida kaɗan-kaɗan kullum ba zai taɓa gamawa ba. Abin yi shi ne a ware lokaci a yi aikin gaba ɗaya kamar ana biki: a fara da tufafi, sai littattafai, sai takardu, sai sauran komatsai, a ƙare da kayan da ake ajiyewa don tunawa da wani. Kowane abu a ɗauke shi a hannu a saurari zuciya. In ya faranta mata a ajiye, in bai faranta ba a yi masa godiya a sallame shi. Sai kuma alkawarin da ya sayar da littafin: wanda ya yi wannan aiki yadda ya kamata, ɗakinsa ba zai sake komawa gidan jiya ba.

Wannan alkawari nake ja da shi, da kuma ma'aunin da aka ɗora shi a kai.

Babbar hujja a kan alkawarin ita da kanta ta kawo ta. A watan Janairun 2023 jaridar Washington Post ta ruwaito ta tana cewa gidanta yanzu a hargitse yake, kuma ta sassauta wa kanta batun sai komai ya zauna tsaf a kowane lokaci, tun bayan da ta haifi ɗanta na uku a 2021. Ta ce zama da 'ya'yanta ya fi mata. Ban kawo wannan don a yi mata dariya ba. Uwa ce ta faɗi gaskiya, kuma ta zaɓi abin da ya fi. Amma a lura da abin da ya faru. Ba wanda zai ce ba ta iya rabuwa da kaya ba, ai ita ce malamar abin. Abin da ya ƙaru a gidanta hannuwa ne da ƙafafu. Yara uku kacal suka warware alkawarin da aka yi wa duniya.

To ina ga namu? A ƙidayar da aka yi a Japan a 2020, kusan rabin gidajen birnin Tokiyo mutum ɗaya ne ke zaune a cikinsu. Wanda yake shi kaɗai, inda ya ajiye almakashi da safe nan zai dawo ya tarar da shi da dare. A arewa maso yammacin Nijeriya kuwa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace na haihuwar sama da 'ya'ya 6 a tsakaice, Nijar ma tana sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa. A ƙara da gidan mata biyu ko uku, da kaka a ɗakinta, da ƙanin miji a shagon ƙofar gida, da baƙin da suka sauka daga ƙauye don ganin likita suka kwana goma. Ana ɗora tukunya sau uku, maƙwabciya ta aiko aron rariya, wata ta dawo da turmi, yara sun dawo daga boko sun tuɓe sun sa na Islamiyya. A irin wannan gida ko da cokula biyar kawai suka rage bayan an gama zubar da kaya, kafin magariba sai an nemi uku an rasa. Kaya ba su da ƙafa. Mutane ke ɗaukar su daga mazauninsu, kuma gobe ma za su ɗauka.

Masu kare Kondo za su ce ai ita ma ta ce bayan babban aikin a riƙa mayar da kowane abu inda aka ɗauko shi. Gaskiya ne ta faɗa. Sai dai ta ɗauki wannan a matsayin ɗan ƙaramin abu da zai zo da kansa da zarar zuciya ta ɗanɗani daɗin ɗaki mai tsari. A nan muka rabu. Abin da ta mayar ƙarami shi ne aikin gaba ɗayansa. Ranar babban gyara ba ta da wuya, kowace mace ta san daɗinta: a fito da komai tsakar gida, a kakkaɓe, a goge, a mayar, a turara ɗaki, a zauna ana kallo. Wuyar tana ranar Laraba ta mako na uku, lokacin da ba wanda ke jin wani shauƙi, jariri na kuka, wuta ta ɗauke, ga kwanukan dare a jibge. Gyaran gida ɗan'uwan girki ne, wanda aka yi jiya ba ya ƙosar da yau.

Kuma akwai abin da ba ya cikin lissafinta sam, wato ƙasar da muke zaune a kai. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ki goge kabad da hantsi, da la'asar yaro ya rubuta sunansa a kai da yatsa. Damina ta zo da nata: taɓo a ƙafar kowa, shanyar da ta ƙi bushewa ta dawo ɗaki, gara na bin bango tana neman takarda da katako. Za a ce ai shara daban, kintsa kaya daban, ita ma haka ta raba su. A takarda haka ne. A hannun mace ɗaya mai tsintsiya ɗaya da yini ɗaya, aiki ɗaya ne, kuma lokacin da ƙura ta ci shi ne lokacin da ninkin kaya ya rasa.

Yanzu ga ma'aunin, wanda shi ya fi damuna. An ce a ajiye abin da ke faranta rai kawai. Wannan ma'auni ya ɗauka cewa kayan cikin gida na mutum ɗaya ne, shi ke da ikon yanke musu hukunci, kuma in ya yi kuskure ya zubar da abin da zai nema daga baya, sai ya fita ya sayo wani. Duka biyun sun dace da inda aka haifi tsarin. Tun daga shekarun 1990 har zuwa 'yan shekarun nan farashin kaya a Japan kusan a tsaye yake, ga shagunan da kusan komai a cikinsu yen 100 ne. Wanda ya zubar da mazubi a bana, da kuɗin bana zai sayi wani baɗi. A Nijeriya kuwa, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Tukunyar da kika bayar yau don ba ta burge ki, ranar da kika koma kasuwa nemanta sai kin riƙe baki.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gida na miji ne, amma abin da ke cikin ɗaki na mace ne. Tun tana ƙarama uwa ke tara mata, dangi su kawo gudummawa, ranar jere a zo a shirya. Baƙo in ya ga jeren kwalla da kumbo da samira da tangaran sun cika bango, sai ya ce ga kayan da ba a amfani da su sun cinye rabin ɗaki. Bai san asusu yake kallo ba. Ranar da ciwo ya kama yaro maigida ba ya gari, ko kuɗin jarrabawa ya taso, ko ƙanwa za ta yi aure, dillaliya ce za ta fita da saiti ɗaya a ƙarƙashin mayafi ta dawo da kuɗi, ba tare da unguwa ta ji ba. Haka turamen atamfa da leshi da ke kwance a ƙasan akwati ba a ɗinka ba. In kuma aure ya ƙare, Allah ya kiyaye, da waɗannan kayan take fita, su ne jarinta na sake tashi. Matan da ba su da asusun banki, kuma suna da yawa ƙwarai a karkara, wannan shi ne bankinsu. A ce wa irin wannan mace ta ɗauki kwalla ta saurari zuciyarta, in ba ta ji komai ba ta sallame ta, wannan shawara ce ta wanda bai taɓa kwana da tunanin kuɗin magani ba.

Akwai kuma kayan da suke hannunki amma ba naki ke kaɗai ba. Babbar tukunyar da ake ɗorawa sau biyu ko uku a shekara ba ta taɓa sa zuciyar kowa rawa ba, amma ita ke dafa shinkafar sunan duk layin. Tabarmin da ke naɗe a bayan ƙofa, ranar da aka yi rashi a maƙwabta su za a shimfiɗa wa masu ta'aziyya. Kayan jariri da aka wanke aka ɗaure suna jiran na gaba, ko na ƙanwa, ko na matar ɗan'uwa. Mai irin waɗannan kaya amana take riƙe da ita, ko da da kuɗinta ta saya.

Har ta fuskar lafiya ma'aunin yana da haɗari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi tashi da rani. Shawarar da ma'aikatan lafiya ke maimaitawa kowace shekara ita ce a zuba hatsi da gari da sauran abinci a mazubi mai murfi. Bokitan fenti da aka wanke, da manyan robobi, da gwangwanayen madara da ke jere a kicin ko sito ba su da kyan gani, hotonsu ba zai burge kowa a waya ba. Su ne suka tsaya tsakanin garin tuwo da ɓera. Haka jarkoki da durom a unguwar da famfo ke zuwa sau ɗaya a mako, in ya ga dama.

Batun takardu da littattafai kuwa ya fi ban tsoro. Ƙa'idar Kondo a kan takardu ita ce a ɗauka duk na zubarwa ne sai 'yan kaɗan da suka zama dole, littafin da aka daɗe ba a karanta ba kuma a haƙura da shi, domin ba za a karanta ba. A ƙasar da komai ke cikin kwamfutar hukuma wataƙila hakan ya yi. A nan, tsohon rasit ɗaya na iya raba gardamar fili, takardar asibiti ta shekara goma na iya zama ita kaɗai ce tarihin ciwon mutum, kuma duk wanda ya taɓa bin haƙƙin fansho na mahaifinsa ya san darajar takardar da ta yi ja don tsufa. Ban da haka, Musulmi ba ya jefa takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kwandon shara. Mu kuma tuna cewa rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, sun kai gare mu ne saboda zuri'arta a gidan Waziri a Sakkwato sun adana su fiye da shekara ɗari, har aka tattara aka buga su a 1997. Gidajen malamai da yawa a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram suna da irin waɗannan gafakoki, da yawansu ba a buɗe su ba tun rasuwar mai su. Jikan da ya gaje su bai iya karanta ajamin ba, ba kuma za su faranta masa rai in ya ɗauka ba. Addu'armu kada ya ci karo da wannan koyarwa kafin ya ci karo da wanda ya san darajarsu.

Sai tambayar da littafin bai tsaya a kanta ba: abin da aka sallama, ina yake zuwa? Bayan fitowar shirinta a 2019, kafafen labarai a Amurka sun yi ta ruwaito yadda shagunan karɓar kayan sadaka suka cika maƙil. Waɗannan shaguna ba sa iya sayar da duk abin da aka kawo musu. Ragowar ana ɗaure shi dila-dila a loda a jirgin ruwa, kuma Afirka na cikin manyan masu karɓa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto da ke Akara kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, a juji da kwata da bakin teku suke ƙarewa. Ban ce Uwargida Kondo ce ta ƙirƙiro gwanjo ba, ya girme ta. Ban kuma raina gwanjo ba, ya rufa wa miliyoyinmu asiri. Abin da nake cewa shi ne ɗakin da ya zama fili a can, wani ɓangare na kayansa yana nan wajenmu. Mu da muke ƙarshen layi, in mun zubar wa za mu tura wa? Namu a kwatar ƙofar gida zai tsaya, ya toshe ta, ruwan Agusta ya dawo mana da shi har ɗaki.

Alhali muna da tsarinmu na fitar da kaya daga gida, wanda ya fi a ɗaure a baƙar leda a ajiye a bakin titi. Rigar wa tana sauka kan ƙane. Zanen da ya koɗe ya zama na aikin gida, daga nan ya zama goyo ko ƙunzugu, ya ƙare a tsumman goge-goge. Abin da ke da sauran kyau a bai wa mai aiki, ko almajiri, ko a aika ƙauye. Ƙarfe da tsohuwar roba da dalma 'yan gwangwan na bin layi suna saye da kuɗi. Kafin abu ya kai bola a gidan da ke da tarbiyya, ya bi ta hannu uku ko huɗu. Tambayoyin da iyayenmu ke yi wa kaya su ne: ana amfani da shi? In ba yanzu ba, yana da ranarsa sananniya? Na wane ne? Wa ya fi ni bukatarsa? Waɗannan sun fi tambayar zuciya nauyi, domin zuciya yau tana son abu gobe ta gundura da shi.

Kada wannan ya sa a ɗauka ina wanke mu ne. Akwai inda matar nan ta yi gaskiya, kuma gaskiyar tana da ɗaci. Ta ce sayen akwatuna da robobin adana kaya sau da yawa ɓoye matsala ne kawai, haka ne. Ta ce kowane abu ya sami mazauninsa guda, wannan ko kakata za ta sa hannu. Kuma ba duk abin da muke tarawa ne jari ko amana ba. Wari ɗaya na takalmi ba jari ba ne. Cajar wayar da ta mutu tun shekaru biyar, da fankar da ba ta da kai, da ledojin da aka cusa a bayan ƙofa har suka zama gidan kyankyaso, da kofuna da faranta da kalandu masu hoton ango da amarya waɗanda wasunsu ma auren ya daɗe da mutuwa, duk wannan shirgi ne, sunansa ke nan. "Wata rana zai yi amfani" ta cinye mana ɗakuna da yawa. Jere ma a birni ya fara tashi daga asusu ya koma gasa, ana ciwo bashi don a cika bango da abin da in an tashi sayarwa ba zai dawo da rabin kuɗinsa ba. Ga anko. Kowane biki da nasa, wani bikin ma kala uku, a sa sau ɗaya a jefa a sif. Macen da ke zuwa biki goma a shekara, ko ta kwashe sif ɗinta kaf a watan Muharram, kafin babbar salla ya sake cika.

Wannan shi ke nuna inda yaƙin yake: a bakin ƙofa. Gidan da ake shigo da kaya kullum ba a fitarwa, babu babban gyaran da zai cece shi, sai dai a riƙa maimaita bikin zubarwa duk shekara. Abin mamaki, a ƙarshen 2019 ita kanta Uwargida Kondo ta buɗe shago a intanet tana sayar da kayan ƙawata gida, mutane da yawa kuma suka yi ta tambaya ko an sa su share wuri ne don a sami inda za a ajiye sabon kaya. Mu namu mai shigowa kullum ba sai an je intanet ba. Leda ce. Tumatir a leda, magin naira hamsin a leda, ƙosai a leda, ruwan sha a leda. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Kafin namu hukumomin su yi abin da za su yi, kwandon cefane ko jakar buhu da za a riƙa bai wa ɗan aike zai rage sharar tsakar gida fiye da yadda ake zato. Haka iya cewa "na gode, ina da irinsa" in an miƙo robar biki ta goma sha. Haka ƙa'idar cewa in sabon ɗinki ya shiga sif, tsoho ɗaya ya fita zuwa ga mai bukata a makon, ba sai an jira azumi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙasar da Kondo ta fito ita ce babbar shaida a kan maganata. Tsaftar Japan da ake ba da labari ba daga gyaran rana ɗaya ta samo asali ba. A makarantunsu akwai lokacin da aka ware kusan kowace rana, ɗalibai da kansu, maza da mata, ke share aji da goge baranda. A gidajensu na gargajiya da safe ake naɗe shimfiɗar kwana a sa a ma'ajiyarta, ɗakin ya koma wurin zama. Ashe ba haka iyayenmu ke yi ba? A idar da asuba a naɗe tabarma, a jingine katifa, a yayyafa ruwa a share tsakar gida kafin rana ta ɗaga, a yi wanke-wanke a kife kwanuka, da la'asar a sake bi da tsintsiya. Ɗaki ɗaya ya zama wurin kwana da dare, wurin karɓar baƙi da hantsi, wurin cin abinci da rana, kuma ka shiga ka same shi fes. Ba su karanta littafin kowa ba. Sun ɗaura aikin ne a jikin lokutan da ba sa tashi, wato lokutan salla da na abinci, shi ya sa ba ya bukatar shauƙi.

Mun ma gwada tsarin rana ɗaya a matakin gari mun ga iyakarsa. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984 aka gaji al'adar tsaftar muhalli ta wata-wata, har yau jihohi irin su Kano na tsayar da zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ana fitowa, ana yashe kwata, ana tara shara. Duk wanda ya bi ta layin bayan kwana huɗu ya san sauran labarin. Ranar tana da amfaninta, amma ba ta taɓa maye gurbin kwandon shara a ƙofar kowane shago ba.

Saura magana ɗaya, wadda littafin Kondo bai warware ba, masu yaɗa shi a cikinmu kuma suka ƙara dagula ta. Ita dai ta ce kowa ya kintsa nasa, kada ya taɓa na wani, sauran mutanen gida za su gani su yi koyi. Wataƙila a can. A nan abin da ke faruwa shi ne mutum goma sha biyu na watsawa, mutum ɗaya na tattarawa, in baƙo ya shigo ya ga wuri a hargitse kuma ita ɗayar za a kira ƙazama. Ana koya wa 'ya mace shara tun tana shekara shida, ɗan'uwanta kuwa ya tuɓe kayan makaranta a tsakiyar ɗaki ya tsallake ya fita ƙwallo, ba mai ce masa komai. Ya girma ya zama maigidan da ke tambayar ina hularsa alhali shi ya ajiye ta a kan firij. Kuma in za a yi adalci wajen ƙirga tarkace, a leƙa zaure da gareji da bayan ɗaki: tsofaffin tayoyi da ke tara ruwan sama suna ƙyanƙyashe sauro, batirin mota, ragowar bulo da rodi, janareton da ya mutu tun kafin a yaye auta. Waɗannan ba kayan jere ba ne, ba kuma uwargida ta kawo su ba.

Wanda ke ganin ɗaukar tsintsiya zubar da girma ne, ya tuna an tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan yana cikin Bukhari. Wasu ruwayoyin sun ƙara da cewa yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa.

Saboda haka 'yar'uwa, in kin gyara ɗakinki ranar Asabar ya hargitse ranar Talata, ba wai kin kasa ba ne, ba kuma don ba ki zubar da isasshen kaya ba. Ki duba mazaunin da kika ba kowane abu: wanda hannun yaro ba ya kaiwa, yaro ba zai mayar ba. Ƙusa a daidai tsawonsa don jakar makaranta, kwando a bakin ƙofa don takalma, kowane yaro da aikinsa sananne kafin ya kwanta, namiji da mace. Kwallarki kuma ki bar ta inda take, sai in ke kika ga dama.

Kai kuma Malam maigida, ba a ce ka yi wanke-wanke ba in abin ya yi maka nauyi. Ka sayo kwandon shara mai murfi, ka kira kafinta ya kafa kanta biyu a kicin, ka daina tsawatar wa uwar yara in ta sa ɗanka namiji shara, ka riƙa rataye rigarka da kanka. Janareton nan kuma, a kira mai gwangwan ya zo ya auna shi a wannan makon.